Asusun Aji Uku

A Lids, inda bas ke juyawa kusa da shagon mai furanni,
akwai ƙofar ƙarfe koriya da mai gadi, Gershon,
wanda ya haddace sunan kowane yaro
amma ya yi wata guda yana tuntuɓe da na ɗana.
Mudassir. Sai ya ce Mudassa, yaro ya ƙyalƙyale.

Ƙanena ya bugo waya daga Gusau:
“Makarantar Yahudawa? Yaya, garin ne ya ƙare?”
Na ce makarantu uku sun dubi na'urar da ke kunnen yaron,
sun ce mu je, za a neme mu.
A ta huɗun, Madam Perlman
ta durƙusa har gwiwarta ta taɓa ƙasa,
ta juyo inda zai ga leɓɓanta,
shi ta tambaya, ba ni ba:
“Kusa da taga kake so, ko kusa da allo?”

Ba su yi mini rufa-rufa ba.
Da safe akwai addu'a da Ibrananci,
maza da 'yar hula kamar marfin kwano.
Naka, in ji ta, ba dole,
ya zauna da mutunci, shi ke nan abin da muke roƙo.
A ɗakin girki tukunyar nama ba ta gaisawa da ta madara,
har soso kowanne da launinsa.
Na tuna ƙwaryar nonon mahaifiyata
wadda ba mai taɓawa da hannun miya.

Ran Juma'a ana tashi da wuri.
Su suna gudun kada rana ta faɗi ba su kunna kyandir ba,
mu muna gudun kada huɗuba ta wuce mu.
A bakin ƙofa kowa na duba agogo,
kowa na jan hannun ɗansa.

Wata rana ya dawo yana neman sulalla.
Akwai asusu a ajinsu, gwangwani shuɗi,
sunansa tsedaka.
“Baba, mu muka ara, ko su suka ara?”
Na buɗe baki, na rufe.
Na ba shi abin da ya rage na kuɗin fakin.

Kada in yi ƙarya: ina kallon labarai.
Zuciyata na da nata mikin,
ban ajiye shi a bakin ƙofa ba,
ba kuma wanda ya ce in ajiye.
Akwai makon da ni da baban Ezra
muka gaisa da ka kawai.

Sai aka wayi gari wani ya zo da dare
ya fesa wa bango zagi da jan fenti,
daidai tsayin da idon ɗan shekara bakwai zai kai.
Mudassir ya fara haɗa baƙaƙen,
don sun koya masa karatu da kyau.
Na rufe masa ido da hannuna.

Da la'asar na ajiye tasi, na ɗauko bokiti.
Baban Ezra na can da buroshi biyu,
ya miƙo mini ɗaya bai ce komai ba.
Shafi uku muka yi, jan na leƙowa.
A na huɗu aka fara yayyafi.

Ƙarshen zango aka tara mu a zaure.
Ɗana ya karanta layi shida a kan itacen zaitun,
ya ci gyara sau biyu.
Na ɗaga hannu zan tafa,
sai na ga yara ɗari da wani abu
sun ɗaga tafuka sama suna kaɗawa, shiru,
yadda zai gani.
Ashe tun watan jiya suke koyo a ɓoye.

Na waiwaya. Gershon ya baro ƙofarsa,
yana baya can, hannu a sama,
makullai na rawa a yatsansa.